Soyayya a Bakin Daga: Yadda Masu Karatu Suka Karɓi Labaran Yaƙi, Daga Zariya Zuwa Ahaggar



A da, littafin Hausa ba ya isowa cikin duwatsun Ahaggar sai wani matafiyi ya ɗauko shi a cikin kayansa, a yi ta aronsa gida-gida har bangonsa ya yage. Yanzu wayar hannu ta sa labarin da aka rubuta a Kano da safe yana iso mana kafin magariba. Daga cikin abin da matasanmu suka fi so, maza da mata, akwai labaran da ke haɗa soyayya da yaƙi: jarumi a bakin daga, budurwa a bayan ganuwa, gari yana ƙonewa a tsakaninsu. Iyaye kuwa tambayarsu kusan kullum guda ce: akwai batsa a ciki ko babu? Tambayar tana kan hanya, sai dai rabin ma'auni ce. Duk wanda ya bi tarihin yadda Hausawa suka karɓi irin waɗannan littattafai a cikin shekara casa'in da suka shige, zai ga an sha yin faɗa a kan soyayyar da ke cikinsu, yaƙin kuma aka haɗiye shi ba tare da an tauna ba. Alhali soyayyar kowa ya san ƙage ce. Yaƙin ne mai karatu yake ɗauka a matsayin tarihi, ya riƙe shi har tsufansa, ya kuma ba 'ya'yansa labari.

Mafarin abin a Zariya ne. A shekarar 1933, Hukumar Talifi da ke can, ƙarƙashin wani Baturen Ingila mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. East da kansa ya ba da labarin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su shiga. A wurinsu alƙalami amana ne, aikinsa fiƙihu da tauhidi da wa'azi da tarihin sarakuna. Ƙage kuwa tatsuniya ce, ta tsofaffi mata da yara a tsakar gida da dare, ba abin da mai ilimi zai ɓata tawada a kansa ba. Wannan shi ne martani na farko da ƙagaggen labari ya samu a ƙasar Hausa, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Malaman nan sun san cewa duk abin da ya hau takarda yana samun nauyin gaskiya a idon jama'a, ko da mai shi bai nufi haka ba.

Daga gasar aka fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. A wannan zubi na farko soyayya da yaƙi ba su zauna ɗaki ɗaya ba. Soyayyar saurayi da budurwa tana cikin Jiki Magayi, inda mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar masoyiyarsa Zainab, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a neman fansa. Yaƙi yana cikin Ganɗoki da Shaihu Umar.

Ganɗoki labarin wani barde ne na Kwantagora wanda ya yi karo da sojojin Ingila a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Kwantagora ta faɗi a 1901, Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ke nan lokacin da littafin ya fito, shekara talatin kacal aka yi da waɗannan abubuwa. Waɗanda suka riƙe takobi a ranakun nan suna raye, shi kansa marubucin yana yaro aka yi su a ƙasarsu. 'Yan makaranta sun so littafin ƙwarai saboda kirari da amon ganga da ƙurar dawaki, ya kuma zauna a manhajar makarantun Arewa shekara da shekaru. Amma a dubi inda labarin ya nufa bayan an ci ƙasa. Ganɗoki ya yi gabas, hanyar da dubban mutane na gaske suka bi, waɗanda zuriyarsu ke zaune yau a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Su sun gamu da yunwa da ƙishirwa da binne 'ya'ya a hanya. Shi kuwa ya faɗa duniyar aljanu da sarakunan ƙasashe masu nisa, yana cin nasara a kan kowa, sa'annan ya komo gida ya tarar da zaman lafiya a ƙarƙashin mulkin waɗanda ya yaƙa. Yaron da ya karanta wannan ya sami jarumin da zai yi alfahari da shi, ya kuma sami darasin cewa cin ƙasar ya ƙare da alheri. Hukumar da ta buga littafin ta gwamnatin mulkin mallaka ce. Manazarta na baya sun yi ta tattauna wannan ƙarshe, amma mai karatu na lokacin kirarin ya haddace.

Shaihu Umar ya fi kusa da mu mazauna Sahara. Marubucinsa malamin makaranta ne a Bauci a lokacin, kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Labarin ya faro a Kagara a zamanin hare-haren kama bayi. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balaraben fatake mai suna Abdulkarim, wanda ya ɗauke shi ɗa ya ƙetara hamada da shi, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka mai da ita baiwa, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. Sun sadu a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar komowarsa guguwar rairayi ta cinye ayari, yaƙin Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, ya hargitsa hanyoyin fatauci, shi kuma ya ƙare yana karantarwa a Rauta. Soyayyar da ke riƙe da wannan littafi ta uwa da ɗa ce, kuma ita ce ta sa masu karatu kuka tun daga wancan zamani. Mervyn Hiskett ya fassara shi da Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, aka kuma gyara tsohon fim ɗin aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a Jamus a 2018.

Sai dai kukan ya rufe wata tambaya. Umar ya dace da uban gida na kirki, saboda haka bautarsa ta zama hanyar ilimi, mai karatu kuma ya tashi da darasin haƙuri da ƙaddara. Darasin gaskiya ne, amma a kowane ayari da ya ɗauki yaro guda ya zama malami, yara nawa ne suka ƙare a bakin rijiya ko a gonar dabino ba wanda ya sake kiran sunan garinsu? Hanyar littafin ta Fezzan ce. Tamu ita ce wadda ta taso daga Kano ta bi Damagaram da Agadas ta hau Abzin, wani reshe ya yi Gat, wani ya ratsa Ahaggar zuwa In Salah da Tuwat. A kanta fatake suka zo da turkuɗi da fata da goro, a kanta mahajjata da almajirai suka wuce, a kanta kuma aka koro waɗanda ba da son ransu suka zo ba. Bahaushen Bauci yana karanta Shaihu Umar a matsayin labarin wanda ya tafi ya dawo. Bahaushen Ahaggar yana da dalilin karanta shi yana tunanin waɗanda ba su dawo ba. Littafi ɗaya ne, amma inda kakan mai karatu ya tsaya shi ke yanke masa abin da zai ji.

Bayan kusan rabin ƙarni sai soyayya ta yi ambaliya. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ya fito daga wata gasa da kamfanin ya sa. Da tattalin arzikin Nijeriya ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa kasuwa. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suna cikin waɗanda suka yi fice. Masu karatu, musamman matan aure da 'yan mata, suka karɓe su hannu bibbiyu. Ana haya da su a shaguna, ana karanta su a gidajen rediyo, ana rubuta wa marubutan wasiƙu ana neman shawara kamar dai 'yan'uwa ne na jini. A ɗaya ɓangaren kuma aka taso musu. An zargi In Da So Da Ƙauna da koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, saboda Sumayya ta faɗa rijiya a kan an hana ta wanda take so. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare shi, aka yi ta musayar alƙalami a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi. A 2001 Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, a 2007 kuma, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, shirin A Daidaita Sahu ya kai ga ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a.

Tuhumar da aka yi ta maimaitawa a duk tsawon wannan rigima ita ce ɓata tarbiyya, da kwaikwayon fina-finan Indiya, da rashin bin ƙa'idar rubutu. A daidai wannan lokaci kuma, a kan teburan masu sayar da littattafan nan, wani reshe yana bunƙasa ba mai ɗaga masa murya: littattafan yaƙi da jarumtaka, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya fi kowa shahara da su. A nan ne soyayya da yaƙi suka haɗu sosai. Biranensu na ƙage ne, akwai bokaye da aljanu da takubba masu tsafi, saboda haka ba wanda zai ce sun yi wa wani sarki na gaske ƙarya. Amma suna saba wa mai karatu da wani tunani guda: rundunoni suna tashi ne saboda gimbiya, gari yana faɗuwa ne saboda an hana jarumi wadda yake so. Wanda ya sha wannan tun yana yaro, in ya girma aka ba shi labarin yaƙi na gaske, gimbiyar zai fara nema.

Wannan cuta tsohuwa ce, kuma a ƙasar nan ta Aljeriya aka rubuta maganinta. A shekarar 1377, a Ƙal'ar Banu Salama kusa da Faranda a yankin Tiyarat, Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima. A farkonta ya jero kurakuran masu tarihi, ya kawo labarin Abbasa, 'yar'uwar Halifa Haruna Rashid. Masu ba da labari sun ce Rashid ya ɗaura mata aure da wazirinsa Ja'afar Barmaki a kan sharaɗin kada su kaɗaita, suka saɓa, ta haihu, shi ya sa ya kashe Ja'afar ya rushe gidan Barmakawa a shekara ta 187 bayan Hijira, wato 803. Ibn Khaldun ya yi watsi da wannan. Ya nuna cewa Barmakawa sun mamaye mulki, sun riƙe kuɗin haraji har halifa yana neman kaɗan bai samu ba, sun cika muƙamai da danginsu, mawaƙa sun koma ƙofarsu, kuma Ja'afar ya saki wani ɗan gidan Aliyu da aka ba shi tsaro ba da iznin halifa ba. Dalilan faɗuwarsu ke nan: kuɗi da iko da tsoron juyin mulki. Labarin soyayya ya yaɗu ne domin ya fi daɗin ji kuma ya fi sauƙin riƙewa.

Bayan shekara ɗari biyar da 'yan kai, Jurji Zaidan, ɗan Bairut mazaunin Alƙahira, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892, ya ɗauki wannan labari da Ibn Khaldun ya ƙaryata ya gina littafi sukutum a kansa. Zaidan ya rubuta ƙagaggun labaran tarihi sama da ashirin tsakanin 1891 da rasuwarsa a 1914, yawancinsu a kan tarihin Musulunci, kuma bai ɓoye dabararsa ba: soyayya ita ce zumar da ake shafa wa tarihi domin mai karatu ya kai ƙarshen littafi. Jama'a suka yi rububinsu, aka fassara su da Farisanci da Turkanci da Urdu. Malamai kuwa suka yi ta suka, suna cewa ya mai da manyan al'amura sakamakon kishi da sha'awa, kamar yadda ya sa labarin Falorinda 'yar Yuliyan a tsakiyar buɗe Andalus. A 1910 Jami'ar Masar ta ba shi kujerar koyar da tarihin Musulunci, sa'annan ta janye saboda ƙorafin cewa shi Kirista ne. Daga baya Shauƙi Abu Khalil na Dimashƙa ya rubuta littafi guda yana auna labaran nan ɗaya bayan ɗaya. Za a iya saɓa wa masu sukar Zaidan a wasu wurare, musamman inda suka bar littafi suka kama addinin mai shi. Amma sun yi abin da muhawarar Kano ba ta yi ba: sun ɗora yaƙin a kan ma'auni, ba soyayyar kaɗai ba.

Masu karatu da masu kallo na ƙasar Hausa sun fara ɗaukar wannan ma'auni a 'yan shekarun nan, kuma misalai biyu sun isa. A watan Nuwamba na 2021 Netflix ya fitar da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, a kan Sarauniyar Zazzau. 'Yan Arewa suka yi ca a kansa a Facebook da Twitter, suna ƙorafi a kan sutura da harshe da al'adun fada, da soyayyar da aka ƙaga mata. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai mu ma tatsuniyarmu ta baka ba ta yi mata adalci ba, tunda ita ce ta ce Amina takan kwana da namiji a kowane gari ta sa a kashe shi da safe. Rubutattun madogara ba su tsaya a nan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri a matsayin mai yaƙi da ta faɗaɗa ƙasa. Tarihin Kano ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, ta kai Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma a zamaninta hajar yamma ta shigo ƙasar Hausa. Wannan labarin hanyoyin fatauci ne da haraji da ganuwa. Shi ne abin da ke ɓacewa duk lokacin da aka mai da ita masoyiya, ko a fim ko a tatsuniya.

Misali na biyu ya fi zafi. A 2006 Chimamanda Adichie ta fitar da Half of a Yellow Sun, sunan da ta ɗauko daga rabin ranar da ke kan tutar Biyafara. Labarin soyayya ne na 'yan'uwa mata biyu da mazajen da suke so, a cikin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, kuma wani sashe nasa a Kano yake, lokacin kashe-kashen 1966. Masu karatu 'yan ƙabilar Ibo da yawa sun sami abin da iyayensu suka kasa faɗa musu da baki. Wasu masu karatu na Arewa kuwa suka ga an nuna su ta taga guda, an kuma wuce da sauri a kan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a watan Janairu na wannan shekara, wato shi marubucin Shaihu Umar. Da aka mai da littafin fim, hukumar tace fina-finai ta Nijeriya ta jinkirta fitarsa na wasu watanni a 2014. A nan ma'aunin Ibn Khaldun yana yanka ta kowane gefe. An kashe mutane ba da hakki ba a biranen Arewa a 1966, kuma mai gaskiya ba zai musa ba domin littafin bai yi masa daɗi ba. An kuma kashe shugabannin Arewa kafin nan, kuma wanda bai san tarihin yaƙin ba sai ta wannan littafi, ya san ɓangare ne. Mutane da yawa a duniya ta wannan littafi suka san shi, domin labarin da ke da masoya a ciki shi ke tafiya nesa.

Mu dawo gida, domin duwatsun da muke zaune a cikinsu su ma an yi musu irin wannan. A watan Fabrairu na 1881 mutanen Ahaggar suka hallaka ayarin Kanar Flatters na Faransa. Ranar 7 ga Mayu, 1902, a Tit, arewa da Tamanrasat, rundunar Laftanar Cottenest ta karya su da bindiga, mazaje da yawa suka kwanta, a 1904 kuma Musa ag Amastan ya je In Salah ya yi sulhu da Faransawa. A ƙarshen 1916 Kawsan ya kewaye barikin Agadas, Faransawa suka karɓe garin a watan Maris na 1917, suka kashe mutane da dama har da malamai. Shekara biyu bayan haka, a 1919, Pierre Benoit ya fitar da littafin L'Atlantide a Faransa. Labarin hafsoshin Faransa biyu ne, Morhange da Saint-Avit, da suka faɗa wata ɓoyayyiyar fada a tsakiyar Ahaggar, inda wata sarauniya mai suna Antinéa ke jawo maza su mutu a kan sonta, ta adana gawarwakinsu a wani zaure. Littafin ya ci babbar kyautar ƙagaggen labari ta Majalisar Harshen Faransanci a wannan shekara, aka mai da shi fim a 1921, aka kuma sake maimaitawa sau da dama.

Masu karatu na Turai sun haɗiye shi gaba ɗaya. Da aka tone kabarin Tin Hinan a Abalessa a 1925, aka kwashe ƙasusuwanta da kayan adonta, waɗanda yanzu suke gidan tarihi na Bardo a birnin Aljaza'ir, mutane da yawa a can sun riƙa haɗa ta da Antinéa. Ƙasar da aka ci da bindiga shekara goma sha bakwai kafin littafin ta koma, a tunaninsu, ƙasar da mace ke cin hafsoshi da kyawunta. Mai harbi ya zama abin tausayi. A cikin littafin akwai wata baiwa baƙar fata mai suna Tanit-Zerga, 'yar sarautar Gawo da aka kamo, wadda ta taimaki Saint-Avit ya tsere, ta mutu a hamada, shi ya tsira. Iyakar gurbin da littafin ya ba mutumin kudu ke nan: ya yi hidima, ya mutu a hanya, a ci gaba da labarin wani.

Ba a ce kowane labarin soyayya a lokacin yaƙi yaudara ne ba. 'Ya'yanmu da suka yi makarantar gwamnati sun san Zakiratul Jasad na Ahlam Mustaganami, wanda ya fito a 1993 ya kuma ci kyautar Najib Mahfuz a 1998. Khalid ya rasa hannu a yaƙin neman 'yanci, ya zo ya so 'yar kwamandansa da ya yi shahada, aka aurar da ita ga wani daga cikin waɗanda suka ci moriyar 'yancin. A nan soyayyar ba ta rufe tarihi ba. Ita ce ta tilasta wa mai karatu ya tambayi abin da aka yi da jinin waɗanda suka mutu tsakanin 1954 da 1962. Bambancin wannan da L'Atlantide shi ne marubuciyar 'yar gida ce, mahaifinta yana cikin waɗanda suka sha ɗaurin Faransawa, kuma dalilan yaƙin suna nan a wurinsu ba a musanya su da kyawun mace ba.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan yaro ya zo da irin wannan littafi a wayarsa, a duba tarbiyya kamar yadda aka saba, sa'annan a ƙara masa tambayoyin da malaman Zariya da Ibn Khaldun za su yi. Wa ya rubuta, wa ya biya kuɗin bugawa? Me littafin ya ce shi ne dalilin yaƙin, kuma in an cire masoyan, dalilin zai tsaya da ƙafarsa? Su wa suka mutu a gefen shafi ba a ba su suna ba? Yaron da ya iya waɗannan tambayoyi ba ya bukatar a ƙona masa littafi.

Akwai kuma aikin da ya rage a wuyanmu. Daga 1961 zuwa 1966 Faransa ta yi gwajin makaman nukiliya 13 a cikin dutsen In Ekker, kuma ranar 1 ga Mayu, 1962, ɗaya ya fashe waje ya watsa guba. 'Yan ƙwadagon da suka haƙa ramukan nan mutanen yankin nan ne da baƙi daga kudu. Akwai tsofaffi a cikinmu da suka ga wannan zamani da idonsu, akwai waɗanda suka ji labarin Kawsan da na ayarin Kano daga bakin kakanninsu, akwai waɗanda farin 1973 ya koro su daga Nijar da Mali suka zauna a nan. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu da abin da ke ƙirjinsu. Wata rana wani zai rubuta labarin soyayya a kan waɗannan abubuwa, da Faransanci ko da Larabci ko da Hausa, jikokinmu kuma su ɗauke shi a matsayin tarihinsu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wayar da ke kawo mana littattafan Kano tana ɗaukar murya. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna gabansu da ladabi, ya ɗauki sunayen garuruwa da rijiyoyi da shekaru, ya rubuta da ajami ko da boko, ya ajiye. Marubucin gobe zai sami abin da zai gina a kai, mai karatun gobe kuma zai sami abin da zai auna shi da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya. Wassalam.